Takardar Shaidar Rasuwa a Amurka: Shawarwari 15 ga Iyalan Mamaci

A gida, idan rai ya yi halinsa, abin da ke gaban jama'a sananne ne. A yi wanka, a yi sutura, a sallaci gawa, a kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi, a dawo a shimfiɗa tabarmi a karɓi gaisuwa. Liman ya shaida, mai unguwa ya shaida, maƙwabta sun shaida, kuma sau da yawa wannan ya wadatar. A Amurka kuwa shaidar baki ba ta buɗe ƙofar banki. Ko mutum dubu ne suka yi sahu a kan gawar, matuƙar babu takarda mai hatimin hukuma, banki da kotu da kamfanin inshora ba za su motsa ba. Asusu zai zauna a kulle, mota za ta ci gaba da amsa sunan mamaci, kuɗin haya kuma ba ya jiran a share makoki.

Hausawa da masu jin Hausa daga Najeriya da Nijar da Gana sun daɗe a Bronx da Chicago da Houston da Atlanta da kewayen Washington. Sun haifi 'ya'ya, sun ga jikoki, wasunsu kuma ƙasar can ce ta rufe musu ido. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan hidimar mamaci a can ya san cewa aikin ba ya ƙarewa a maƙabarta. Sai bayan an watse daga addu'ar bakwai matar mamaci take gane cewa harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a sunan mijinta ya tsare kuɗin marayu wata da watanni. Takardar shaidar rasuwa haƙƙin waɗanda aka bari ce, kuma tun ranar farko ake gyara ta ko a ɓata ta. Wanda ya tashi nemanta cikin kwanakin makoki amana ya riƙe, kada a yi masa kallon mai zumuɗin gado.

1. A nemi takardar a inda aka rasu

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta ajiye takardun rasuwar da aka yi a cikin ƙasar, ba ta kuma bayar da su. Aikin jihohi ne, kowace da dokarta. Hukumomin rajista 57 ne: jihohi 50, da gundumar babban birni Washington, da yankuna biyar da ke ƙarƙashin Amurka, sai birnin New York mai ofishinsa daban da na jihar New York. A jihohi da yawa ana karɓar takardar a matakin kaunti, wato kwatankwacin ƙaramar hukuma a wurinmu, kuma irinsu sun haura 3,000. Ofishin yakan zauna a sashen lafiya na kaunti ko wurin magatakarda, kuma sunan da za ka gani a ƙofarsa shi ne Vital Records.

Ƙa'idar guda ce a ko'ina: inda numfashi ya yanke, nan ake rajista. Wanda gidansa ke New Jersey amma ya cika a wani asibitin Manhattan, takardarsa tana hannun sashen lafiya na birnin New York. Direban babbar mota daga Atlanta da ajali ya riske shi a Ohio, can Ohio za a neme ta. A Chicago ofishin magatakardan Cook County ne ke bayarwa, a Massachusetts da Connecticut kuwa magatakardan gari ake nufa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tana da shafi a intanet mai ɗauke da adireshin ofishin kowace jiha, daga nan ya kamata a fara.

2. Idan a gida aka cika, a kira hukuma kafin a taɓa gawa

Mun saba da zarar an cika a gyara wa mamaci kwanciya, a ɗauke shi zuwa wani ɗaki, a soma ɗora ruwan wanka. A can kada a yi haka. A kira 911, a bar gawar yadda take har jami'ai su zo su gani da idonsu. Idan dama mara lafiyar yana ƙarƙashin masu kula da waɗanda jinyarsu ta kai gargara, nas ɗinsu za a kira, ita ta san matakin gaba. Ɗauke gawa ko wanke ta kafin zuwan hukuma yana iya jawo binciken da dā ba za a yi ba, kuma binciken ne zai jinkirta jana'izar da ake gaggawa dominta.

3. A san masu cika takardar

Hannu biyu ke rubuta takardar. Kamfanin jana'iza ne ke cika ɓangaren bayanan mamaci ya miƙa wa hukuma. Likitan da ya duba shi, ko likitan binciken gawa na hukuma, shi ke cika ɓangaren sanadin rasuwa ya sa hannu. Yanzu kusan ko'ina ta kwamfuta ake wannan aiki. Doka ta yanka wa'adi: awa 72 a New York, kwana 8 a Kalifoniya, kwana 10 a Teksas. Izinin binnewa kuma yakan rataya ne a kan wannan rajista, don haka likitan da ya yi jinkirin sa hannu ya jinkirta jana'iza ke nan.

Shi ya sa ya dace a nemi kamfanin da ya saba aiki da masallatai, wanda ya san cewa mu ba ma kwana biyu da gawa sai dole, ya kuma san yadda ake bin likita a ranar Asabar ko Lahadi. Kwamitin jana'iza na masallacin unguwa ya fi kowa sanin irin waɗannan kamfanoni.

4. A zaɓi mai ba da bayani, a ba shi takardu a hannu

A nan ne mafi yawan kurakurai ke shiga. Takardar tana da gurbin sunan wanda ya ba da bayani, kuma abin da ya faɗa shi za a rubuta. Za a tambaye shi cikakken sunan mamaci, ranar haihuwa da garin haihuwa, lambar Social Security, adireshi, matsayin aure, sunan mata ko miji, sunan mahaifi, sunan mahaifiya kafin aurenta, sana'a, zurfin karatu, da ko ya taɓa aikin soja a Amurka. Kada a tura wani don kawai ya fi jin Turanci ko shi ne ke da mota. A tura wanda ya san mamacin, ya tafi da fasfo da katin zama da katin Social Security da lasisin tuƙi, ya kwafa daga jikinsu harafi bayan harafi.

Sunayenmu suna da rubutu iri-iri. Muhammad da Mohammed da Mahamadou suna ɗaya ne a kunnenmu, amma mutum uku ne a kwamfutar banki. Haka Usman da Ousmane, haka A'isha da Aichatou. Wani sunan garinsu ne ya zama sunansa na ƙarshe a fasfo, alhali jama'a da sunan mahaifinsa suka san shi. Alhaji da Malam da sauran laƙabi ba sa shiga, sai idan suna cikin takardunsa. Dattijon da fasfonsa ya ce 1 ga Janairu aka haife shi, a rubuta 1 ga Janairu, ko da dangi sun san da damina aka haife shi. Abin da ake nema shi ne takardar rasuwa ta yi daidai da sauran takardun da ya rayu da su.

Sunan mahaifiya yakan ba da wahala, domin jikoki da Inna ko Hajiya suka san ta, 'ya'yan ma ba kowa ke iya kama sunan ba. A buga waya gida a tambayi manya kafin a tafi. Matar da alkunya ta hana ta ambaton sunan mijinta ta miƙa fasfonsa, ya isar. Idan kuma mamacin ba shi da lambar Social Security, a faɗi haka kai tsaye. Rashinta ba ya hana rajista, ƙirƙiro ta ne laifi.

5. A karanta kafin a miƙa

A roƙi kamfanin jana'iza ya nuna abin da ya rubuta kafin ya tura wa hukuma. Mutum biyu su zauna, ɗaya na karantawa, ɗaya na duba fasfo. A lura da kwanan wata, domin Amurkawa da wata suke farawa kafin rana: 03/08 a wurinsu 8 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Agusta. Minti goma a wannan zama ya fi wata uku na sintiri daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

6. A faɗi gaskiya a kan batun aure

Gurbi ɗaya takardar ta tanada don sunan matar da aka bari, domin dokar Amurka mata ɗaya ta sani. Wannan yana taɓa gidajenmu ta fuska biyu. Ta farko, magidancin da ke da mata a can da wata a gida. Ta biyu, auren da aka ɗaura a masallaci a can, da waliyyi da shaidu da sadaki, amma ba a karɓi lasisin aure daga kaunti ba. Aure ne cikakke a addini, sai dai a jihohi da dama yakan zama abin jayayya idan aka zo gaban hukuma. Auren da aka ɗaura a gida bisa dokar ƙasar kuwa akan amince da shi, amma za a nemi shaida a rubuce.

Kada dangi su zauna a tsakaninsu su yanke wadda za a rubuta don son zuciya ko don gudun ɓacin ran wata. Kada kuma a rubuta cewa ba shi da aure don a huta da tambayoyi. Abin da aka rubuta a wannan gurbi zai bi matar zuwa ofishin Social Security da kotun gado da hukumar shige da fice, kuma sauya shi daga baya yakan kai ga neman umarnin alƙali. Idan lamarin yana da sarƙaƙiya, a ga lauya kafin a miƙa. Su kuwa 'ya'ya, ko daga wane ɗaki suka fito, takardar haihuwa mai ɗauke da sunan mahaifinsu ita ce hujjarsu, a tattara ta kowane ɗaya.

7. A san wanda ya cancanci karɓa

Ba kowa ake miƙa wa takardar ba. A Teksas rajistar rasuwa sirri ce har shekara 25, sai makusanta: mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, kakanni, 'yan'uwan da aka haɗa uwa ko uba, ko wakilin da doka ta sani. A Ohio kuwa kowa na iya nema. Sauran jihohi suna tsakanin waɗannan biyu.

Mu kowa ɗan'uwa ne. Ɗan garinku yayanka ne, aminin babanka baffanka ne. Ma'aikacin ofis bai san wannan zumunci ba, takarda yake so ya gani. A tafi da katin shaida mai hoto wanda bai ƙare aiki ba, tare da abin da zai nuna dangantaka: takardar aure ga mata, takardar haihuwa ga ɗa. Idan mamacin ba shi da kowa a ƙasar sai abokan zama da 'yan ƙungiya, hanya mafi sauƙi ita ce kamfanin jana'iza ya karɓo a madadin iyali tun farko.

8. A bambance irin kwafin da ake so

Kwafi mai hatimi, wanda aka buga a kan takarda ta musamman mai alamun tsaro, shi ne hukumomi ke karɓa. Hoton da aka ɗauka da waya ko wanda aka fitar a injin kwafi ba ya maye gurbinsa a banki ko kotu. A Kalifoniya iri biyu ake bayarwa: na makusanta, da na sanarwa kawai wanda aka buga wa rubutu a fuska cewa ba ya tabbatar da ko wane ne mutum. Akwai kuma bambancin mai ɗauke da sanadin rasuwa da wanda babu. A Fulorida sanadin rasuwa sirri ne har shekara 50, sai makusanta da masu haƙƙi. A birnin New York ma sai an nemi wannan ɓangare musamman. Kamfanin inshorar rai yakan buƙaci mai sanadi. Mai gidan haya da kamfanin waya kuwa ba ruwansu da ciwon da ya kashe mutum, a rufa wa mamaci asiri a ba su wanda babu.

9. A ƙirga kwafi kafin a saya

A zauna da biro a lissafa wuraren da mamacin ke da hulɗa: kowane banki, kowace inshora, wurin aiki da fansho, gida, mota, kotu, ofishin jakadanci, sai dangi a gida. Ga mai iyali da 'yar dukiya, takwas zuwa goma ba su yi yawa ba. Ga wanda bai mallaki komai ba sai asusu ɗaya, uku ko huɗu sun isa. Kuɗin ya bambanta. A 'yan shekarun nan ofishin jihar Teksas yana karɓar dala 20 a kan na farko da dala 3 a kan kowane ƙari, Jojiya dala 25 da dala 5, birnin New York kuwa dala 15 a kan kowanne. Rangwamen yana samuwa ne idan an nema a lokaci guda, don haka saye sau ɗaya ya fi araha a kan komawa sau uku. A duba shafin ofishin don farashin ranar.

Tun 1984 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kamfanonin jana'iza su ba da farashin kowane aiki a rubuce, dalla-dalla. Kuɗin takardun rasuwa yana cikin abin da suke biya a madadinka, ka nemi a nuna maka layinsa a jikin lissafin.

10. A zaɓi hanyar da ta fi dacewa

Hanyoyi huɗu ne. Ta kamfanin jana'iza ita ce mafi sauƙi a makon farko. Zuwa ofishin kaunti da ƙafa yakan fi sauri idan rajista ta riga ta shiga, sai dai a buga waya tukuna, domin wasu ofisoshin sai an ba ka rana. Ta gidan waya tana ɗaukar makonni, kuma a Kalifoniya sai an haɗa da takardar rantsuwa da aka sa wa hannu a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu. Ta intanet kuwa jihohi da kauntoci da yawa da kamfanin VitalChek suke aiki, ana kuma ƙara ladan aiki a kan kuɗin hukuma.

A yi hattara da shafukan da ke fitowa a saman sakamakon bincike, masu kama da na gwamnati. Wasunsu kuɗin cika fom kawai suke karɓa, su bar ka da biyan hukuma daga baya, bayan sun kwashi bayananka. A shiga ta shafin ofishin da kansa, a bi mahaɗin da ya bayar. Matar da ke takaba ba sai ta yi jerin gwano a ofis ba: tana iya nema daga ɗakinta, ko babban ɗa ya je da shaidarsa.

11. Idan an ce ana jiran sakamakon bincike

Mutuwar fuju'a, haɗarin mota, ko rasuwar da babu likitan da ya san ciwon, duk sukan koma hannun likitan binciken gawa. Idan iyali ba sa son a feɗe gawar saboda addini, a faɗa masa nan take, kada a bari sai an kwana. Dokokin New York da New Jersey sun ba wannan uzuri nauyi, amma idan ana zargin kisa ko ana tsoron annoba, hukuma na da ikon ci gaba.

Sau da yawa akan saki gawar a yi jana'iza, a fitar da takarda wadda gurbin sanadinta ke cewa ana jira, domin gwajin jini da makamantansa yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Wannan takarda ta tabbatar da rasuwa, kuma wurare da yawa suna aiki da ita. Inshorar rai ce ta fi tsayawa sai ta ga ta ƙarshe. Dabara ita ce a sayi biyu ko uku yanzu, a bar sauran sai sakamako ya fito. A rubuta lambar fayil da lambar wayar ofishin binciken, a riƙa tuntuɓa.

12. Idan kuskure ya riga ya shiga

A koma wurin kamfanin jana'iza da wuri, domin gyara ya fi sauƙi tun abin yana sabo. Akan cika takardar neman gyara, a yi rantsuwa, a haɗa da hujja kamar fasfo ko takardar haihuwa, a biya kuɗi. Ɓangaren likita kuwa iyali ba sa taɓa shi, wanda ya sa hannu ne kaɗai ke gyarawa. Kada wani ya sa biro ko farin fenti a jikin takardar, hakan yana kashe ta gaba ɗaya. Bayan gyara sai an karɓi sababbin kwafi, kuma a daina yawo da tsofaffin.

13. A san inda za a fara kai ta

Hukumar Social Security ce ta farko. Kamfanin jana'iza yakan sanar da ita, amma a tabbatar. Idan mamacin yana karɓar kuɗin wata-wata, na watan da ya rasu ba haƙƙinsa ba ne, in ya shigo za a mayar. Akwai dala 255 da ake ba matar da aka bari ko ɗan da ya cancanta sau ɗaya, idan an nema cikin shekara biyu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tallafin wata-wata na marayun da ba su kai shekara 18 ba, idan mahaifinsu ya yi aiki ya biya haraji gwargwadon da doka ta nema. A kira ofishin da wuri.

Sai banki. Kada kowa ya ci gaba da cire kuɗi da katin mamaci, ko da shi ya ba da lambar sirri da bakinsa, ko da don hidimar makoki ne. Takardar wakilcin da ya sa wa hannu yana raye ma ta faɗi da rasuwarsa. Kotun gado ta kaunti ce ke naɗa wanda zai kula da dukiyar, kuma takardar rasuwa ce abu na farko da za ta nema. A sanar da wurin aikinsa da kamfanonin inshora da ofishin lasisin mota, da kamfanonin da ke riƙe tarihin bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion, don kada ɓarayi su ci bashi da sunansa.

Matar da mijinta ɗan ƙasar Amurka ne, ita kuma takardunta ba su kammala ba, tana da damar neman katin zama da kanta ta fom I-360 cikin shekara biyu da rasuwarsa. Sharaɗin shi ne ba ta sake aure ba. Iyaye da waliyyai su san wannan kafin su karɓi sadaki bayan takaba, a ga lauyan shige da fice tukuna.

14. Idan za a yi aiki da ita a gida

Mai son kai gawa gida zai buƙaci kwafi mai hatimi, da izinin ɗaukar gawa, da fasfon mamaci, da takardar da ke nuna babu cuta mai yaɗuwa, da amincewar ofishin jakadancin ƙasarsa. Kamfanonin jirgi kuma galibi sai an yi wa gawar allurar hana lalacewa, abin da ya kamata iyali su sani kafin su yanke shawara. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Washington da ƙananan ofisoshi a New York da Atlanta. A kira su kafin a sayi tikiti.

Ko a can aka binne, gida da gona da asusun da ke Kano ko Damagaram ko Kumasi suna jiran rabo, kuma banki ko kotu a gida na iya neman a tabbatar da hatimin takardar. Nijar tana cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 kan tabbatar da takardu, don haka tambarin tabbatarwa da ake kira afostil daga ofishin sakataren jihar da ta fitar da takardar shi ne hanyar, sai a haɗa da fassarar Faransanci. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar, hanyarta ta fi tsawo: sakataren jiha, sai ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sai ofishin jakadanci. Takardar birnin New York tana da ƙarin mataki, domin sai an nemi wasiƙar tabbatarwa tare da ita, an bi ta wurin magatakardan Manhattan kafin ta isa jiha. A tambayi wanda zai karɓi takardar a gida abin da yake so kafin a soma wannan zagaye.

Idan kuma akasin haka ne, wato ɗan ƙasar Amurka ya zo ganin gida ajali ya riske shi, babu kauntin da ke da takardarsa. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rajistar mutuwa. A karɓi takardar asibiti da tata, a kai ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko Legas, su ne za su fitar da rahoton rasuwar da ake aiki da shi a Amurka. Dangi a gida su sani, kada su binne su share hannu babu ko takarda ɗaya.

15. A adana ta, mu kuma mu shirya tamu

A ware kwafi ɗaya wanda ba ya fita daga gida ko me ya faru. A buɗe littafi a rubuta inda kowane kwafi ya tafi da ranar da ya tafi, a kuma tambayi kowane ofis ko zai duba ya mayar, domin da yawa suna mayarwa. Kada a ɗauki hotonta a watsa a zauren WhatsApp na ƙungiya ko a Facebook don sanar da rasuwa ko neman gudummawa. Ranar haihuwa da sunan uwa da lambar mamaci duk suna iya kasancewa a jiki, kuma su ne jarin 'yan damfara.

Mu da muke raye kuma, kowane magidanci da kowace uwa su ɗauki takarda guda su rubuta sunansu yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, garin haihuwa, sunan uba da na uwa, bankuna da inshora, da inda takardar aure take. A sa a ambulan, a gaya wa mutum biyu amintattu inda aka ajiye. Wanda aurensa bai da rajista ya je ya yi tun yana da ƙafa. Rubuta wannan ba ya kiran ajali, kamar yadda sayen likkafani bai taɓa rage wa kowa kwana ba.

Ina kira ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu a Amurka: kamar yadda kowane masallaci yake da masu wanka da masu bin gawa, ya kamata ya samu mutum biyu ko uku da suka san wannan aiki na takarda, suka san ofishin kauntinsu da ƙa'idarsa, waɗanda za su zauna kusa da iyali tun daren farko. Mai kuka ba ya ganin harafi, sai an samu mai duba masa. Duk wanda ya tsaya har takardar nan ta fito daidai, ya share wa maraya hawaye. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.